Roƙon Tallafi: A Taimaka a Rufe Zauren Lissafi Kafin Damina

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai.

Kwamitin tsofaffin ɗaliban sashen lissafi ne ya sake zuwa ƙofarku. Duk wanda ya leƙa sashen kwanan nan ya gani da idonsa: ginin zauren ya tsaya a linta, rodi ya yi tsatsa, ciyawa ta cinye tsakar ɗakin. Ƙannenmu masu digiri na biyu suna can gindin dalbejiya, suna zana lissafi a ƙasa da tsinke, iska na bi tana sharewa. Allon tsohon ajin ya sha yoyo har alli ya daina kama shi.

An tambaye mu me ya hana a yanka ƙananan ofisoshi a huta. Shi lissafi a tsaye ake yin sa, a gaban allo, wannan na rubutu wancan na cewa "dakata, nan ka kuskure". A Cibiyar Isaac Newton ta binciken lissafi da ke Kambirij a Ingila, wadda aka buɗe a 1992, ofisoshi sun kewaye fili guda na tsakiya, allo kuwa ko'ina, har cikin lif. A can masanin lissafi Andrew Wiles ya sanar da warware matsalar Fermat, tsohuwar matsalar lissafi da ta daɗe tana gagarar masana, a 1993. Namu burin bai kai haka ba. Zaure muke so irin na malamanmu na da, ƙofofin malamai su buɗo cikinsa, bango duk allo, manyan tagogi saboda iska da haske ko an ɗauke wuta.

Ba mu manta da hajiyar da ta aiko da siminti ta ce kada a ambaci sunanta ba, da birkilan da ya yafe ladan yini guda. Allah ya sa su tarar a mizani. Amma ranar ƙaddamarwa manya sun miƙe sun yi alkawari, aka yi ta tafi, har yau shiru. Mun kira waya har mun fara jin nauyi. Haba jama'a! Ƙasar da ta haifi Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741, a ce jikokinsa ba su da inuwar zama?

Abin da aka tara ya tafi a harsashi da bulo. Saura katako, kwano da ƙofofi, ga hadari ya fara haɗuwa. Mai bandir ɗin kwano, mai buhun siminti, mai ɗari biyar, kowa ya miƙa wa ma'ajin kwamiti, za a ba shi rasit.

Allah ya ba da ikon taimakawa, amin.