Taron addu'a tsakanin ɗariku: a faɗi abin da ba za a yi ba tun ranar farko

Ranka ya daɗe Edita,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku da duk ma'aikatan wannan jarida. Dan Allah ku ɗan bani fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista masu karatu kan wani abu da ke ta yawaita yanzu, wato irin taron addu'a da sujada da mutane ke haɗawa da kansu, a falon wani, ko a wurin aiki lokacin hutun rana, ko a ajin makaranta bayan an tashi, wasu ma ta waya suke yi a WhatsApp ko Zoom, inda zaka ga ɗan Katolika da ɗan Angilikan da 'yar Baptis da ɗan Pentikostal zaune wuri ɗaya babu fasto a gaba babu bagade babu takardar tsarin sujada, kowa da Littafinsa Mai Tsarki a hannu shikenan.

Ni dai ina goyon bayan abin nan ɗari bisa ɗari. Ai haka ikilisiya ta fara, Ayyukan Manzanni sura 2 ta nuna suna taruwa gida gida, Bulus ma a ƙarshen wasiƙar Romawa ya gai da ikilisiyar da ke taruwa a gidan Biriskila da Akila, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren sujadar Kirista da masu tonon tarihi suka samu, a Dura-Europos cikin ƙasar Siriya, gidan zama ne aka gyara shi wajen shekara ta 240. Saboda haka wanda ke cewa sujada ba ta karɓuwa sai a ƙarƙashin rufin coci ya koma ya sake karanta Matiyu 18:20. Matsalata ita ce irin waɗannan taruka da yawansu ba sa daɗewa, ko dai su watse da tsegumi, ko kuma wata rana ka wayi gari ka ga an buga allon suna an sa wa wani a cikinsu laƙabi, taron da aka fara don haɗa ɗariku ya haifi ƙarin ɗarika guda. Kuma abin da na lura shine ba bambancin koyarwa ne ke kashe su ba, kowa ya san da bambancin tun kafin ya cire takalmi ya shiga. Kunya ce ke kashe su. Ana jin nauyin a zauna ranar farko a ce ga abin da za mu yi tare, ga kuma abin da ba za mu taɓa ba, sai a bar shi a dunƙule wai Ruhu zai bishe mu, har ranar da wani zai taka wani.

A 1952 a garin Lund na ƙasar Suwidin an yi wani babban taron ikilisiyoyi, suka fito da ƙa'ida mai sauƙi, cewa ikilisiyoyi su yi komai tare sai dai abin da bambancin bangaskiya mai zurfi ya tilasta musu su yi dabam. Mutane suna son rabin farko na maganar su manta da rabi na biyu, alhali na biyun ne ke riƙe taro.

Babba a cikin abubuwan nan shine Jibin Ubangiji, kuma a nan zan ɗan daɗe domin a nan aka fi samun rauni. Wani mai himma zai ce tunda mun zama ɗaya cikin Almasihu me zai hana mu kakkarya gurasa tare, ya kawo gurasa da ƙoƙo ya ajiye kan tebur, niyyarsa kyakkyawa ce babu shakka, amma ya jefa ɗan'uwansa ɗan Katolika cikin tsaka mai wuya, domin dokar ikilisiyarsa ba ta yarda ya karɓi jibi daga hannun wanda ba firist ɗin da ta amince da naɗinsa ba, 'yan Orthodox ma haka suke da tsauri a kan wannan, wasu 'yan Lutheran da wasu 'yan Baptis ma ba sa buɗe teburinsu ga kowa. To yanzu ya ci ya saɓa wa lamirinsa, ko ya ƙi ci kowa ya juyo yana kallonsa kamar mai girman kai? Mako mai zuwa ba zaka gan shi ba, kuma ba zai faɗa maka dalili ba, zai ce aiki ne ya yi masa yawa. Wannan gardama ba yau aka fara ta ba balle mu ce za mu gama ta a falo da daddare. A 1529 Martin Luther da Zwingli sun zauna a Marburg, aka rubuta batutuwa 15, suka yarda a kan 14, na ƙarshen da ya shafi ko jikin Almasihu yana cikin gurasar nan ne ya raba su, dukansu biyu kuwa 'yan gyaran ikilisiya ne ba ma Katolika a ciki. In su sun kasa, mu bar jibi kowa ya je ya ci a cocinsa ranar Lahadi. Haka baftisma, kada wanda aka yi wa yayyafi yana jariri ya zo taron addu'a a fara ja masa hannu zuwa kogi wai tasa ba ta yi ba.

Abin da ya rage mana tare ai yana da yawa. Addu'ar Ubangiji kowa ya iya ta, sai dai a sani 'yan Katolika sun saba tsayawa kafin a kai ga maganar mulki da iko da ɗaukaka, in ka ji sun yi shiru a wurin ba fushi suka yi ba. Zabura 150 ce ta kowa, Bisharu huɗu na kowa ne, Sabon Alkawari littattafai 27 babu wanda ya ƙara ko ya rage, bambancin littattafai 73 na Katolika da 66 na Furotesta a Tsohon Alkawari yake, don haka mai zaɓen karatu ya tsaya inda kowa zai buɗe ya samu. Ga roƙo domin marasa lafiya da masu neman aiki da gidajen da aure ke tangal-tangal da ƙasashen da ake yaƙi. Wannan kaɗai zai cika awa ɗaya har ya yi saura. Kuma ɗan Katolika da ke tsoron ko zuwansa laifi ne, ya sani tun 1964 Majalisar Vatican ta Biyu ta fitar da takarda kan haɗin kan Kirista da ta ce addu'a tare da sauran Kirista abu ne da aka yarda da shi har ma ana so a wasu lokuta.

Sai maganar salo, wadda ni a ganina ta fi koyarwa saurin haɗa faɗa. Wani ya tashi a cocin da kowa ke ɗaga murya lokaci ɗaya ana tafi ana magana da harsuna, wani kuma ya tashi inda in allura ta faɗi za a ji, mutum ɗaya ke addu'a sauran su ce amin. In ba a tsara ba mai ƙarfin murya ne ke cinye taron, ba don mugunta ba, shi a wurinsa hakan ne addu'a, mai shiru kuma sai ya ga kamar an mai da shi ɗan kallo har ma ana masa kallon wanda bai da Ruhu, shi kuma a zuciyarsa yana cewa waɗannan hayaniya kawai suke. Dukansu sun yi wa juna rashin adalci. Maganinsa a raba lokaci a faɗa a fili, minti kaza kowa ya yi addu'a da murya yadda ya saba, minti kaza a yi shiru gaba ɗaya, kuma shirun nan a riƙe shi da gaske, kada minti ɗaya ya wuce wani ya ji abin ya dame shi ya ɓarke da waƙa. Bulus da kansa a 1 Korantiyawa 14, inda ya yi dogon bayani kan harsuna da annabci, bai hana ba amma ya ce biyu ko uku bi da bi, ya rufe da cewa a yi komai bisa tsari. Mai son roƙon Maryamu da tsarkaka ya ajiye sai ya koma gida, mai son ɗora hannu yana korar aljanu daga kan wanda ya zo da ciwon kai shi ma ya ajiye, kowa ya bar wani abu a bakin ƙofa, in ɓangare ɗaya ne kullum ke bari to ba haɗin kai ake ba, an haɗiye shi ne.

A duba yadda 'yan Taizé, ƙungiyar 'yan'uwa masu zaman addu'a a ƙauyen Taizé, suke yi a Faransa. Brother Roger, ɗan Suwizalan kuma ɗan Furotesta, ya sauka a ƙauyen a 1940, yau 'yan'uwan da ke wurin akwai Katolika akwai Furotesta, matasa dubbai na zuwa duk shekara daga ƙasashe da ɗariku barkatai. Addu'arsu sau uku a rana, gajerun waƙoƙi masu layi ɗaya ko biyu da ake ta maimaitawa har baƙon da ya zo yau ya kama, karatun Littafi, sai dogon shiru, babu doguwar huɗuba. Abu biyu nasu ya fi burge ni, ba sa karɓar kyautar kuɗi don kansu da aikin hannunsu suke ci, kuma ba sa rijistar membobi, in ka gama makonka sai su ce koma cocinku ka yi hidima a can.

Waɗannan biyun su ne nake roƙon masu shirya taro su riƙe. Kada a zagaya da kwanon baiko. Ranar da kuɗi ya shigo za a nemi ma'aji, ma'aji zai nemi asusu, asusu zai nemi suna da shugaba, kafin ka ankara an yi coci. In wani a cikinku ya shiga matsala a taimaka masa kai tsaye a wuce wurin, zakka da baiko kuma kowa ya kai inda yake sujada. Kada kuma a sa taron a lokacin da ya yi karo da sujadar Lahadi ko addu'ar tsakiyar mako ta cocin wani. Shugabanci ya riƙa zagayawa, wannan mako 'yar Metodis ta bi da taro, mako na gaba wani, gidan ma in da hali a riƙa canzawa domin wanda kullum a falonsa ake zama a hankali zai fara jin taron nasa ne, mutum ne shi ba mala'ika ba. Wa'azi kuma ni da za a bi tawa a cire shi kwatakwata, a karanta nassi kowa ya faɗi abin da ya taɓa shi cikin minti biyu, domin wa'azi ne ƙofar da mai neman mabiya ke shigowa ta ciki.

Fastoci da firistoci da yawa suna zargin irin wannan taro, kuma kada mu yi saurin cewa kishi ne, wasunsu sun taɓa gani an kwashe musu membobi da sunan zumunta. Saboda haka kowa ya je ya sanar da shugaban cocinsa, ba izini ake roƙo kamar yara ba, girmamawa ce, a ce ranka ya daɗe ga abin da muke yi ga ranar ga wurin, in kana so ka zo ka gani. In ya zo ya zauna cikin mutane kamar kowa. Abin da ake yi a ɓoye shi ke jawo zato.

Za a saɓa, wannan kam dole, zo mu zauna zo mu saɓa ne. Mutanen Herrnhut a Jamus, 'yan gudun hijira daga Moravia da wasu masu bangaskiya iri iri da suka zauna a filin wani basarake mai suna Count Zinzendorf, rigimar koyarwa ta kusa tarwatsa su, sai a watan Mayun 1727 suka sa hannu kan yarjejeniyar yadda za su zauna da juna, a watan Agusta na shekarar suka fara addu'ar karɓa-karɓa awa bayan awa dare da rana, maza 24 mata 24 da farko, abin ya ci gaba sama da shekara 100, kuma a 1732 suka fara aika masu bishara ƙetare. A lura da jerin, yarjejeniya ce ta riga, addu'ar da ake ta ba da labarinta daga baya ta zo. Mu kuma so muke mu tsallake takardar mu faɗa kan farkawa.

Wani abu da ake mantawa, abin da aka faɗa a wurin roƙon addu'a ya tsaya a wurin. Mace ta buɗe baki ta faɗi damuwar gidanta don a yi mata addu'a, jibi ta ji labarin a bakin 'yan wata coci da ba ta taɓa shiga ba, wannan ya fi kowace gardamar tauhidi saurin kashe taro, kuma tunda mutanen daga coci dabam dabam suke, tsegumin ma hanyoyi da yawa yake samu. A guruf ɗin waya kuma kada a rubuta sunan mutum da matsalarsa sai da yardarsa, kuma dan Allah a hana turo bidiyon masu wa'azi da ke zagin wata ɗarika, admin ya goge ba tare da jin kunyar kowa ba.

Masu son farawa da ba su san ta ina ba, ga dama nan a kalanda. Daga 18 zuwa 25 ga Janairu ake Makon Addu'a domin Haɗin Kan Kirista, wanda Paul Wattson ya fara a Amurka a 1908, kuma tun 1968 Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya da Vatican ke shirya karatun makon tare, ana samunsa kyauta a intanet, don haka babu wanda zai ce takardar wata ɗarika ce aka ɗora masa. Mata kuma suna da Ranar Addu'a ta Duniya a Juma'ar farko ta watan Maris, kowace shekara matan wata ƙasa ne ke rubuta tsarin. A fara da kwana takwas ɗin nan na Janairu da mutum shida ko takwas, awa ɗaya a tashi a kan lokaci saboda masu yara da masu aikin safe, in an ga ya zauna sai a mai da shi sau ɗaya a wata kafin a yi maganar kowane mako.

Edita, zan so in ga fastoci da firistoci masu karanta wannan jarida sun rubuto nasu ra'ayin, musamman kan maganar jibi da ta sanar da shugabanni, na san akwai waɗanda za su ce na yi tsauri, akwai kuma waɗanda za su ce na yi sako-sako. Na gode da filin da kuka bani.

Naku,
Wani mai karatu