Cajar gwanjo mai 120V: a duba kafin a jona

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili don jan hankalin kafintoci, masu walda da masu aikin aluminiyam da ke sayen injinan huda da na yanka masu batir, irin na gwanjo da ake shigowa da su daga Amurka. Asarar da ake tafkawa wajen cajarsu ta yi yawa, kuma ana iya kauce mata.

Wutar gidajen Amurka 120V ce, tamu kuwa 230V. A juya bayan cajar a karanta layin da aka rubuta INPUT. In an ga 100-240V, a jona kai tsaye. In 120V kaɗai aka gani, kamar yadda yake a yawancin cajojin DeWalt, Makita da Milwaukee da aka ƙera don kasuwar Amurka, jona ta a bango ƙona ta ne. A cikinta akwai babbar kafasita, wato ma'ajiyar wuta, da galibi aka yi ta jure 200V ko 250V, saboda ƙololuwar wutar can, wato inda take tsayawa a hawa da saukar da wutar bango ke yi, ba ta wuce 170V. Ƙololuwar tamu tana kai 325V. Shi ya sa ake jin ƙara, hayaƙi ya tashi, fis ya tsinke, wani lokacin har allon cikin ya ƙone.

Maganin shi ne taransifoma mai sauke wuta, amma ba kowace ba. Akwai wata 'yar na'ura mara nauyi ta matafiya da ake rubuta wa 1600W ko 2000W. Ba ta da nannaɗaɗɗiyar waya a ciki, datse wutar kawai take yi, kuma don dutsen guga da makamantansa aka yi ta. Caja ba ta daɗewa a kanta. A nemi mai ƙarfe da waya, wadda in an ɗaga za a ji nauyinta a hannu.

Lissafin girma mai sauƙi ne. A ninka amfiyar da ke layin INPUT, wato lambar da ke da harafin A, da 120. Caja mai 2A ta ba da 240W, sai a ruɓanya, a sayi mai 500W. Dalilin ruɓanyawar biyu ne: caja tana fizgar wuta da yawa a daidai lokacin da aka jona ta, sannan adadin da ake rubutawa a jikin taransifomomi masu arha yakan fi abin da za su iya ɗauka na tsawon awanni. Mai cajoji biyu ko uku ya tara lissafinsu kafin ya ruɓanya.

Batun 60Hz da ke jikin cajar, wato saurin juyawar wutar Amurka, ba abin damuwa ba ne sosai. Taransifoma ba ta canza shi, amma cajar zamani tana mayar da wutar zuwa DC, irin ta batir, tun daga ƙofa, don haka 50Hz ɗinmu ba ya hana ta aiki.

Abin da ya fi cutarwa shi ne rashin tsayuwar wutarmu. Taransifoma raba wuta biyu kawai take yi, ba ta daidaita ta. In NEPA ta kawo 180V, 90V za ta fita, cajar ta yi ta ƙifta fitila ba ta caji. In ta kawo 260V, 130V za ta fita. A unguwar da wuta ke hawa da sauka, a sa sitabilaiza kafin taransifomar. Mai janareto ya bari injin ya tashi ya daidaita kafin ya jona, ya kuma cire kafin ya kashe.

Ranar farko, a duba makunnin da ke bayan taransifomar a tabbatar an saita shigar wuta a 220V ko 240V, domin da yawansu suna iya ɗaga wuta in an juya shi. A gwada soket ɗin fita da mita kafin a sa caja. A tabbatar wayar ƙasa ta haɗu tun daga bango, saboda yawancin masu arhar naɗi ɗaya gare su, ba su raba caja da wutar bango ba. A ajiye ta inda iska ke shiga, nesa da ƙurar katako, a cire ta in an tashi aiki, don ko babu komai a kanta tana shan wuta tana ɗumi.

Kada a yanke fulogin Amurka mai faffaɗan ƙafafu a sa namu mai ƙafa uku. Ko a haka ma yana shiga soket ɗin wayar jone-jone, kuma nan ne yaran shago suka fi ƙona caja. A ɗaure fulogin da jikin taransifomar, a naɗa masa jan tef.

Mai hali ya nemi cajar kamfanin ta 230V, irin ta Ingila, wadda fuloginta daidai yake da namu. Batirin DeWalt mai 20V MAX na Amurka da mai 18V XR na Turai abu ɗaya ne, caja ɗaya ke cika su. 'Yan kasuwarmu na Ƙofar Ruwa da Sabon Gari da Panteka kuwa, don Allah ku riƙa nuna wa mai saye wannan layin na INPUT tun kafin ya biya kuɗi.

Naku,
Wani mai gyaran kayan lantarki, Kano