Kalmar "hatch" da haɗarin jerin kalmomi masu kama da juna

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin ɗalibai da masu fassara labarai kan wata ɗabi'a da ta yi yawa tun da wayoyin hannu suka maye gurbin ƙamus. Mutum zai ci karo da kalmar Turanci, ya buga ta a waya, ya ɗauki ta farko cikin jerin kalmomin da aka ce ma'anarsu ɗaya, bai tsaya ya duba wace ma'ana jimlar ke nufi ba. Kalmar "hatch" ta isa misali.

Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibi ba shi ne, wannan ba kalma ɗaya ba ce. Kalmomi uku ne masu asali daban-daban da rubutunsu ya zo ɗaya. Ta farko suna ce da ta fito daga tsohon Turanci, tana nufin ƙaramar ƙofa ko murfin wata kafa: murfin da ake rufe rumbun kaya na jirgin ruwa da shi, ko 'yar tagar da ake miƙo abinci daga kicin, ko ƙofar da mutum ke sunkuyawa ya shiga tankar yaƙi. Daga nan aka samu "hatchback", wato mota irin Volkswagen Golf da ake ɗaga ƙofar bayanta sama a zuba kaya. Wanda ya fassara wannan da "ƙofa" kawai bai yi ƙarya ba, amma sau da yawa ya zubar da rabin labarin. A ranar 27 ga Janairu 1967 gobara ta tashi cikin kumbon Apollo 1 lokacin gwaji a Amurka, 'yan sama jannati uku suka mutu, domin murfin kumbon, wato "hatch" ɗinsa, ta ciki yake buɗewa, kuma matsin iskar da wutar ta haddasa ya danne shi. Haka kuma ƙaramin jirgin nutso na Titan da ya tarwatse a watan Yuni 2023, daga waje ake ɗaure murfinsa da kusoshi. Mai karatun da aka ce masa "ƙofa" zai hango ƙyaure mai mariƙi, ya yi mamakin abin da ya hana su turawa su fita.

Ta biyu aikatau ce, ita ce ƙyanƙyasa, kuma a nan jerin kalmomin ya fi yin ɓarna, domin yakan jera ta tare da "incubate" da "brood" kamar abu ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san kwanci daban, ƙyanƙyasa daban. Kaza takan yi kwana 21 a kan ƙwai tana juya shi da baki, wannan shi ne "incubate". Ranar da ɗan tsako ya huda ɓawo ya fito jiƙe sharkaf, ita ce "hatch". Ƙwan zabo da matan karkara kan sa wa kaza yakan kai kwana 26 zuwa 28, na talotalo kuwa 28. Idan takardar da ke zuwa da injin ƙyanƙyasa ta ce a daina juya ƙwai kwana uku kafin "hatch", mai fassara kuma ya rikita ta da fara kwanci, to manomi ne zai yi asarar ƙwansa da kuɗin man janaretonsa.

Daga wannan ma'ana Bature ya aro ta wajen shirya mugun abu a ɓoye, sai ya ce an "hatch" makirci. Mu Hausawa ƙulla makirci muke yi ko kitsa shi, ba ma ƙyanƙyashe shi, kuma bai kamata a bar irin wannan fassara ta wuce teburin edita ba.

Ta uku daga Faransanci ta shigo, daga aikatau mai nufin sara, kuma masu zane ne ke amfani da ita ga layuka na kusa da juna da ake ja domin nuna inuwa. Ba ruwanta da ƙwai ko ƙofa. Akwai ma wani tarko ga masu fassara labaran Amurka: dokar "Hatch Act" ta 1939, wadda ta taƙaita shigar ma'aikatan gwamnatin tarayya harkokin siyasa, sunan Sanata Carl Hatch na jihar New Mexico ta ci, don haka ba a fassara sunan.

Laifin ba na littattafan jerin kalmomi ba ne. Irin wanda Peter Mark Roget ya wallafa a 1852 ya fi amfani ga wanda ya riga ya san ma'anar da yake nema, yana laluben kalmar da ta kuɓuce masa. Mai koyo kuwa ƙamus yake buƙata, mai raba ma'anoni da lamba, yana kawo misali a ƙarƙashin kowace. Saboda haka nake roƙon jaridarku ta ware ɗan fili kowane mako, a ɗauki kalma ɗaya irin wannan, a nuna ta cikin jimlolin da suka fito a labarai na ainihi tare da Hausar da ta dace da kowace, a kuma ba masu karatu damar aiko da tasu fassarar.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naku,
Wani malamin Turanci, daga Zariya