Likitocinmu, a gwada AI kafin a ba ta amanar marasa lafiya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ni nas ce a nan Jidda, shekara 9 ina aiki, kuma maganar ƙirƙirarriyar basira ɗin nan, wato AI, ta dame ni. Tun da aka buɗe asibitin Seha na intanet a Riyad a 2022 kowa sai zancen AI, to madalla, amma fa likita sai ya tambayi kamfani tukuna, da hotunan su waye kuka koyar da manhajar nan? Yawancin manhajojin AI masu duba ciwon fata da hoton farar fata suka koya, mu kuma nan ga Hausawan Makka ga ’yan Sudan ga alhazai, ƙurjin da ke fitowa ja a jikin Bature a jikinmu duhu yake yi, wallahi na ga tsohuwar da aka kusa sallama saboda haka.

Kuma abin da ya yi kyau a lab daban yake da na cikin asibiti. A Tailan manhajar Google mai duba idon masu ciwon suga ta ƙi karɓar kusan kashi 21 cikin 100 na hotuna, galibi don ɗakunan ba haske sosai.

Shawarata, duk manhajar da za a kawo asibiti, a fara duba ko SFDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Saudiyya, ta yi mata rajista, sannan a bar ta ta yi wata uku tana karanta hoton ƙirji gefe guda, likita na yanke nasa hukuncin, sai a kwatanta a ga inda ta kuskure. Bayanan majinyata ma a tambaya wace ƙasa ake ajiye su.

Nagode,
Wata nas daga Jidda