Sanarwa: ziyarar tsohon rumbun Harmondsworth

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Maganar fitar da muka yi a zaman da ya wuce, an tsayar da Harmondsworth, ƙauyen da ke dab da filin jirgin Heathrow na Landan. Abin da za mu gani a can rumbun gona ne da Kwalejin Winchester ta gina a wajajen 1426 don ajiyar hatsi. Tsawonsa ya kai mita 58. Gwamnatin Ingila ta sa shi a mataki na ɗaya cikin gine-ginen tarihi, wato ko gyara ba a yi sai da izini, kuma English Heritage, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila, ke kula da shi yanzu.

Masu karatun zanen gini, ku ne za ku fi morewa. Katakon oak ne aka sassaƙa aka haɗa da turakun itace, ginshiƙai jere biyu suna ɗauke da rufin, kuma yawancin katakon na asali ne. Ni dai ban taɓa ganin aikin kafinta irinsa ba.

Wasu Lahadodi kawai ake buɗe shi, daga Afrilu zuwa Oktoba, shiga kyauta ce. Mai zuwa ya rubuta sunansa a nan kafin Juma'a, a san motoci nawa za a nema. A taho da rigar sanyi, cikinsa akwai iska.