Rahoton Ayyukan Zumuntar Mata na Shekarar da ta Ƙare

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ranar Lahadi 30 ga Nuwamba 2025 za mu shiga sabuwar shekarar ikilisiya, wato Lahadin farko cikin huɗun da muke jiran zuwan Almasihu kafin Kirsimeti. To, ga abin da muka yi da wadda ta wuce.

Taron mako da na addu'a sun gudana kamar kullum. A watan Fabrairu mun je babban taron LCCN, wato ikilisiyarmu ta Lutheran a Najeriya, a Demsa ta jihar Adamawa, mun dawo lafiya.

Godiyar kaka kuwa, bana sai dai mu ce Allah ya yi abinsa. Tun da asuba 'yan mata suka share harabar majami'a. Da aka fara shiga da baiko, iyaye mata ne a gaba da dammunan dawa a ka, kiɗan tulu da gora na tashi, bayansu buhunan masara da gyaɗa da wake, ga kabewa, ga kaji, har da akuyar da ta ƙi shiga sai da aka ɗauke ta cak. Tsofaffinmu suka ɓarke da waƙar Bachama, Baba Fasto ma bai iya zama ba. Wurin gwanjo, wata gwauruwa ta kawo 'yar ƙwaryar riɗi tana jin kunya, dattawa suka yi ta ƙara kuɗi a kai har ta fi buhun masara tsada, wanda ya saya kuma ya mayar mata da abarta. Mun raba hatsi ga gwauraye da marayu, ba gidan da aka tsallake. Sai dai kaya sun fi na bara yawa amma kuɗin bai kai na bara ba, domin farashin hatsi ya faɗi bana, duk mai noma a cikinmu ta sani.

Maganar ginin ɗakin girki. Na ji ana cewa an ci kuɗin rufi. Ba wadda ta ci ko sisi. Kiyasin da muke riƙe da shi an yi shi ne kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ku je kasuwar Jimeta ku tambayi kuɗin kwano da katako yanzu. Abin da aka tara kuma an taɓa shi don jinyar 'yar'uwarmu da ta kwanta asibiti, da yardar kwamiti, rasit yana hannun Ma'aji. Ginin yana nan, rufi ya rage.

Da kuɗin wata na shigowa da tuni an rufa. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabinmu ba. Ni da Ma'aji mun bi gida-gida, a ce Mama ba ta nan, alhali takalminta na bakin ƙofa. Na san ana cikin matsi, wadda ba ta da shi ta zo ta faɗa wa Uwar Zumunta, ba mai jin sirrinta. Amma wadda ta ɗinka ankon godiyar kaka, ta yi rawa a sahun gaba, sannan ba a ganinta wurin gaisuwar makoki ko sharar majami'a, wannan kam ba rashi ba ne.

Littafin bashi zai kasance a kan tebur bayan sujada ranar 30 ga wata. Wadda ba ta biya ba, ba za a rubuta sunanta a motar zuwa taron Demsa ba, haka kwamiti ya yanke.

Taku cikin Ubangiji,
Magatakarda