Wanda soja ya kama, wa zai kai shi gaban alƙali?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a Tillia da Tassara na jihar Tahoua a Nijar cikin watan Maris na 2017, sojoji sun shiga aikin da muka sani na jandarma da 'yan sanda ne, wato tsayar da matafiya da binciken gidaje. Ba na raina jinin da suka zubar a iyakar Mali, amma yaƙi aka koya musu, ba tuhumar farar hula ba. Makiyayin da aka sauke daga mota ranar kasuwa saboda ba shi da katin ɗan ƙasa, ina danginsa za su neme shi? Bayan gawawwaki 71 da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa (CNDH) ta gano a yankin Inates na jihar Tillabéri a 2020, ta kuma ɗora alhakin kisan a kan jami'an tsaro, ya wajaba a miƙa wa jandarma duk wanda soja ya kama, da sunansa a rubuce.

Mai karatunku, daga Tahoua